Tuwita na ƙonewa a kowane biki: na'urar DSP ce magani?

Mai Sono na Zariya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga manyanmu na wannan zaure. Kayana sab biyu ne (lasifikan bas) masu inci 18, da akwatunan sama huɗu masu inci 15, kowanne da tuwita (ƙaramar lasifikar siririn sauti) mai ƙaho, sai ampili biyu. Damuwata tuwita. Duk bikin da fili ya cika aka fara cewa "a ƙara, a ƙara", da wuya a tashi ban rasa ɗaya ba. Na canza kwandansa, na canza waya, abin bai bari ba. Wani abokina da ke sayo kaya a Sabon Garin Kano ya ce in nemi na'urar DSP mai sarrafa sauti da lissafi, irin su DriveRack PA2 ko DCX2496, wai da ita an gama. Gaskiya ne, ko yayi ne kawai? Kuɗin ba kaɗan ba ne gare ni.

Baba Mai Gyaran Rediyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka zubar da jikkunanka, faɗa mini abin da ke gaban tuwitar a cikin akwatin. Allo ne cikakke mai naɗin waya, ko kwandansa guda anka ɗaura mata?

Mai Sono na Zariya: Kwandansa guda ce Baba, an rubuta 10 µF a jikinta. Haka aka haɗa mini akwatunan tun farko.

Baba Mai Gyaran Rediyo: To ga ciwon nan. Kwandansa guda ba ta tsare tuwita mai ƙaho a filin biki. Kawo akwatin shago in naɗa maka allo na kirki, kwandansa biyu da naɗi ɗaya, in jera maka ƙwan fitila a kan layin tuwitar. In wuta ta yi yawa za ka ga ƙwan ya yi ja a cikin akwatin, zarensa ya ɗauki zafi, shi ne zai sha abin da ya yi yawa kafin ya kai ga tuwita. Tun zamanin kaset haka munka saba yi, kuma akwatunan da munka haɗa a lokacin har yau wasu na aiki a Tibiri da Madarunfa.

Malamin Fizik: Baba ya taɓa inda ke ciwo, bari in sa masa lissafi. Sauti girgiza ce, ana ƙirga ta da Hz, wato sau nawa abu ya girgiza a daƙiƙa guda. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga wajen 20 har 20,000. Sab ta ƙasa take so, tuwita ta sama. A cikin tuwita akwai waya siririya ƙwarai da aka naɗa a bakin wata ƴar fatar ƙarfe, ba ta jure girgiza mai nauyi, ko ta ƙone ko ta tsage.

Mai raba sauti, wato allon da Baba ya ambata, rariya ce, tana raba gari da tsaki. Kwandansa guda rariya ce mai manyan idanu. 10 µF a kan tuwita mai om 8 tana fara tacewa a wajen 2000 Hz, amma sannu take yi, desibel 6 kacal (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) duk lokacin da girgiza ta sauka da rabi. A 1000 Hz kusan kashi 1 cikin 5 na ƙarfin yana wucewa ya shiga tuwita, kuma a nan muryar mawaƙi da kalangu suke da nauyi. In aka tace da desibel 24, abin da zai wuce a 1000 Hz ɗin nan bai kai kashi 1 cikin 250 ba. Tazarar ke nan.

Sai abu na biyu. Lokacin da ake cewa a ƙara, jar fitilar ampili tana kamawa?

Mai Sono na Zariya: Tana kamawa Malam, wani lokaci ma ba ta mutuwa.

Malamin Fizik: To wannan ta fi kwandansar kisa. Jar fitila na nufin ampili ya kai iyakar wutarsa, ya fara yanke kan igiyar sautin. Bas ya tsaya cak ba ya ƙaruwa, amma na sama yana ci gaba da hawa duk sanda ka murɗa, ga kuma ƙazamar ƙara da yankewar ke haifarwa, duka tuwita ke kwashe su.

DJ na Sabon Gari: Ni dai tun da na sayi DSP ban sake ƙona tuwita ba. Ka saya kawai yaya, ka huta.

Ɗalibin Jami'a: Yaya DJ, ampili nawa gare ka?

DJ na Sabon Gari: Uku.

Ɗalibin Jami'a: Nan bambancin yake. DSP tana raba sauti ne kafin ya shiga ampili, ba bayan ya fito ba. Tana mayar da sautin lambobi, sau 48,000 ko 96,000 a daƙiƙa, ta yi lissafi a kansu, ta fitar da su ta ƙofofi daban: na sab, na tsakiya, na tuwita. Kowace ƙofa sai da layin ampili nata. Yayanmu na Zariya ampili biyu gare shi, ɗaya na sab ɗaya na akwatunan sama. Ko ya sayi DSP gobe, tsakanin lasifikar inci 15 da tuwitar da ke akwati ɗaya ba ta da hanyar shiga, waya guda ke kai masu wuta. Dole ko ya ƙara ampili na uku ya raba wayoyin, ko ya kai wa Baba ya yi masa allo. Masu sayarwa ba sa faɗin wannan.

Baba Mai Gyaran Rediyo: Allah ya yi maka albarka yaro. Abin da nake so a ji ke nan.

Mai Sono na Zariya: Ke nan in manta da ita?

Ɗalibin Jami'a: A'a yaya. Ko da ampili biyu tana da aiki babba. Na farko, ta cire wa akwatunan sama duk abin da ke ƙasa da 90 ko 100 Hz ta bar wa sab. Ampilin sama zai huta, jar fitila ta daina saurin kamawa. Na biyu, ta yanke wa sab abin da ke ƙasa da 35 ko 40 Hz, gwargwadon yadda aka gina akwatin. Akwati mai rami, in girgiza ta sauka ƙasa da inda aka daidaita raminsa, fatar lasifikar tana ta kaɗawa a banza ba sauti, har ta buga ƙasa ta yage. Na uku kuma mafi amfani gare ka, mai kayyade ƙarfi. Ka sa iyaka, ka kulle da lambar sirri, duk wanda ya zo ya murɗa ba zai wuce ta ba.

A wajen rabawa za ka ga sunaye a allon na'urar. Ka zaɓi Linkwitz-Riley mai desibel 24. Butterworth, wanda wani injiniyan Ingila mai wannan suna ya fitar a 1930, yana sauke kowane gefe da desibel 3 a mahaɗa, wato inda sautin lasifika biyu ke haɗuwa, sai in sun haɗu su yi tudu na desibel 3. Siegfried Linkwitz da Russ Riley, injiniyoyin Hewlett-Packard a Amurka, su suka zo da gyaran a 1976: kowane gefe ya sauka da desibel 6, wato rabin wuta, rabi da rabi su ba da ɗaya daidai, ba tudu ba kwari.

Mai Sono na Zariya: Iyakar nan yaya ake sanin inda za a sa ta?

Malamin Fizik: Da lissafi ake fara ta. A ce akwatinka wat 400 yake ɗauka na dindindin a om 8. Ka ninka 400 da 8, ka sami 3200, ka nemi tushensa, kusan bolt 56. Ampilinka kada ya wuce wannan. In ampilin yana ninka abin da ya shiga sau 40, wanda ake rubutawa desibel 32 a takardarsa, to bolt 1.4 ne iyakar abin da DSP za ta tura masa, wajen +5 dBu ke nan a allonta. Ni ina ba da shawarar a sauko da desibel 2 ko 3 ƙasa da haka, domin bikinmu awa da awanni ake yi, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, maganaɗisun lasifika ba ya samun iskar da zai huce. Kuma ka yi hattara da adadin wat da aka buga da manyan haruffa a jikin kwali, sau da yawa na ɗan kiftawar ido ne.

Baba Mai Gyaran Rediyo: Wanga duka na yarda. Inda ban yarda ba shi ne yaran yanzu da ke zuwa da kwamfuta da makirufo su auna fili ba kowa, su ce sun gama. Fili ba kowa daban, fili da mutane daban. In mata sunka cika wuri da manyan zannuwa, maza da manyan riguna, sautin sama sai ya shanye, bas ya rage shi kaɗai yana bugun ƙirji. Kwamfuta ta tafi gida a lokacin. Kunne ne ke nan.

Ɗalibin Jami'a: Baba, ai gani ya kori ji. Akwai abin da kunne ba ya iya kamawa sai an gan shi a zane.

Baba Mai Gyaran Rediyo: A sana'armu ji ake saya ɗana. Uwar amarya ba ta biyan kuɗin zane.

Malamin Fizik: Ku duka kuna da gaskiya, amma ba a kan abu ɗaya ba. Daɗin sauti, ƙara ɗan bas ko rage kaifi bayan mutane sun cika, wannan na kunne ne, Baba ya fi mu. Amma daidaita lokaci tsakanin lasifika biyu, a nan kunne yana jin akwai matsala, ba ya faɗa maka ko mece ce. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa in iska tana digiri 20, kusan santimita 34 a milisakan guda. A 2000 Hz tsawon igiya ɗaya santimita 17 ne. In tuwita tana can cikin ƙaho, santimita 8 da rabi a bayan lasifikar tsakiya, to a mahaɗarsu ɗaya na turawa ɗaya na ja, su kashe juna. Murya ta yi rami a tsakiya. Mai sono ya ji murya ba ta fita, ya je ikwalaiza ya ɗaga 2000 Hz har sama, ramin bai cike ba domin duka biyun ya ƙara wa, su ci gaba da kashe juna, sai dai tuwita ta ƙara shan wuta. Maganin jinkiri ne na rubu'in milisakan a kan lasifikar da ke gaba. Allon naɗi ba ya iya wannan cikin sauƙi, DSP kuwa maɓalli ɗaya ne.

Ga dabara ga wanda ba shi da makirufon awo. Ka saki sauti guda tsantsa daidai mahaɗa, a ce 100 Hz tsakanin sab da akwatin sama. Ka juya wa ɗaya baya a cikin DSP, wato + ya koma −. Ka tsaya gaba, yaronka yana ƙara jinkiri kaɗan kaɗan, har inda sautin ya fi dushewa. Nan ne suka yi daidai. Sai ka mayar da shi yadda yake, za ka ji bas ya cika.

Ɗalibin Jami'a: Ga mai son awo kuma, manhajar REW kyauta ce, makirufon UMIK-1 kuma kai tsaye ake soka shi a kwamfuta. Guda ɗaya ya ishi mutum goma in aka yi karo-karo. A auna a fili da sassafe kafin iska ta tashi, nesa da bango.

Hajiya Mai Ɗakin Taro: Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa daban ce. Ɗakina rufin kwano ne, ƙasa tayil, bango siminti. In ana kiɗa ba laifi, amma in mai jawabi ya kama magana, na baya ba sa fahimtar komai, amo kawai. In na sayi wannan na'ura za ta gyara?

Malamin Fizik: Hajiya, ba za ta gyara ba, kada kowa ya karɓi kuɗinki da wannan alkawari. Amon nan sauti ne da ya riga ya bar lasifika yana yawo tsakanin tayil da kwano, na'ura ba ta da iko da shi. Labule masu kauri a bangon baya, kafet a ƙasa, silin a ƙarƙashin kwanon, su ne maganin. Sannan a ɗaga akwatunan sama da kawunan mutane a sunkuyar da su, su kalli kujeru ba bango ba. Abin da DSP za ta yi miki shi ne cire kukan makirufo, da rage nauyin da ke ƙasa da 100 Hz a muryar mai magana.

Hajiya Mai Ɗakin Taro: Na gode Malam. Labulen zan fara.

Mai Kula da Lasifikan Masallaci: Malam, mu kuma a wa'azi ko sallar idi muna jera lasifika har baya, sai na tsakiya su riƙa jin magana sau biyu.

Malamin Fizik: Wannan kam aikinta ne sosai. Wuta a cikin waya nan take take isa, sauti a iska kuwa tafiya yake. Lasifikar da ke mita 40 daga gaba sai a jinkirta ta da kusan milisakan 117. Ka ƙara 10 ko 15 a kai, kunne zai ɗauka maganar daga wajen liman take fitowa, domin wanda ya fara isowa shi kunne ke bi. Zafi yana taɓa lissafin: kowane digiri yana ƙara wa sauti kusan mita 0.6 a daƙiƙa, a digiri 40 ya kai 355, mita 40 ɗin ta koma milisakan 113. Ka auna a irin lokacin da za a yi taron.

DJ na Sabon Gari: Ni in na kunna janareto wani gurnani nake ji a sab. Na yanke 50 Hz a DSP, ya ragu amma bas ɗina ya tafi da shi.

Baba Mai Gyaran Rediyo: Ba a yanke shi a can. Wutarmu 50 take bugawa, gurnanin yana fitowa a 50 da 100 da 150, kuma injin janareto ba ya tsayawa wuri guda, in nauyi ya hau ya sauka. Ka duba wayoyinka. Mai ƙafa uku ka sa tun daga mikisa har ampili, kayan duka su sha daga wuri ɗaya, ka kafa ƙarfe a ƙasa ka zuba masa ruwa, ƙasarmu busassa ce. Kuma ampili shi ake kunnawa ƙarshe, shi ake kashewa farko.

Mai Haɗa Shirye-shirye a Rediyo: Tun da masana sun taru, a taimake ni. Da lasifikar kunne nake haɗa shiri. A kunnena murya ras, in an watsa na ji a rediyon gida sai ta yi nauyi kamar an toshe. Ana gyara lasifikar kunne da irin wannan lissafi?

Ɗalibin Jami'a: Ana yi Anti, kuma ba sai kin sayi na'ura ba. A kwamfuta mai Windows akwai Equalizer APO, a wayar Android akwai Wavelet. Alama lasifikarki tana da kaifi da yawa ko ƙarancin bas, sai ki riƙa rage sama kina ƙara ƙasa don ta yi miki daɗi, shirin ya fita da nauyi.

Abin da ya kamata a sani, lasifikar kunne mai kyau ba miƙaƙƙen layi take bayarwa a awo ba. Kunnen mutum da kansa, fatarsa da raminsa, yana ƙara wa sauti ƙarfi a wajen 3000 Hz da fiye da desibel 10, ƙwaƙwalwa ta saba da haka. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman sun yi shekaru suna sa mutane sauraro ba tare da sanin wace lasifika ce ba, suka fitar da zanen da akasarin mutane suka fi so: tudu a wajen 3000, da ƙarin bas a ƙasa da 100 ko makamancin haka. Na masu rufe kunne an sabunta shi a 2018, na masu shiga rami a 2019. Wani ɗan ƙasar Finlan, Jaakko Pasanen, ya haɗa AutoEq, wanda ya tattara awon dubban lasifikan kunne yana lissafa gyaran kowace. Ki rubuta sunan taki, ki kwafi lambobin.

Abu guda kada ki tsallake. In gyaran ya ɗaga wani wuri da desibel 6, sai ki sauke ƙarfin gaba ɗaya da desibel 6 tun a mashiga. Lambobi suna da rufi, in an wuce shi sauti ya fashe.

DJ na Sabon Gari: Ni na fi son matacin sauti irin na FIR, an ce shi ne na zamani, ba ya karkata lokacin sauti.

Ɗalibin Jami'a: Gaskiya ne, amma da jinkiri ake biya. Mataci mai maki 4096 a 48,000 yana riƙe sauti kusan milisakan 43. Ga Anti da ke sauraron abin da aka riga aka naɗa ba komai. Ga mawaƙin da ke riƙe da makirufo yana jin muryarsa a makare, rikicewa zai yi. A filin biki IIR, matacin da aka saba da shi a DSP, ya isa, jinkirinsa milisakan 1 ko 2 ne.

Malamin Fizik: Ƴar uwa mai haɗa shiri, ina roƙonki da ku duka, ku kula da ƙarfin da kuke sa wa kunnuwanku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 awa 40 a mako shi ne iyaka ga babba. A 90 ya koma awa 4, a 100 minti 20 kacal a mako. Gaban akwatin biki yana wuce 100 cikin sauƙi. Lalacewar tana farawa a wajen 4000 Hz, ba ta da zafi, kuma ba ta warkewa. Mai sonon da ya rasa nan sai ya riƙa jin sauti ya dushe, ya ɗaga na sama, jama'a na toshe kunne shi bai sani ba. In kana tashi daga aiki kunnenka na ƙara, ka nemi abin toshe kunne, ka kuma daina tsayawa a bakin akwati.

Mai Haɗa Shirye-shirye a Rediyo: Allah ya saka. Na duba, tawa ba ta cikin jerin. A babbar kasuwa na saye ta, sunan da ke jiki ma ban tabbata na asali ba ne.

Ɗalibin Jami'a: To kada ki ɗora mata gyaran wata, ko da sunan ya zo ɗaya. In jabu ce, abin da ke cikinta daban ne, gyaran zai ƙara ɓata ta. Fara duba soson: in ya tsufa ya lotsa, ko ɗankwali ko sandar tabarau ta shiga tsakaninsa da kai, iska na fita, bas ya zube, kuma ba lissafin da zai mayar da shi. Bayan haka ki sauke ƙarfi sosai, ki saki sauti tsantsa yana hawa a hankali daga 2000 zuwa 10,000. Hawan da za ki ji a wajen 3000 na kunne ne, ki bar shi. In kin ji wani wuri ya soke ki farat ɗaya, galibi tsakanin 5000 da 8000, ki rubuta lambar, ki rage desibel 3 ko 4 a nan. Sai ki ɗauki muryar wani shiri da kika san tana fita da kyau a rediyon gida, ki riƙa gwada taki da ita kafin ki miƙa aiki.